Akushi Shida na Ilu Fatoma

Idan ka taɓa shiga Maigatari ranar Alhamis a shekarun nan da aka daina tuƙi ta hannun hagu aka koma dama, to ko ba ka san sunan Ilu ba, ka ga Ilu. Ba a wuce shi ba a gani ba. Yana zaune a bakin kara, inda ake cinikin shanu, ƙarƙashin wata rumfar zana, ya cika rumfar shi kaɗai, har masu neman inuwa su leƙo su koma. Fatoma ne, wato mai saukar da baƙin da suka koro dabbobi kasuwa: ya ba su wurin kwana, ya ci da su, ya tsaya musu har a sayar su kama hanyar gida. Sana'ar ubansa ce, a zauren nan ya buɗe ido ya gan ta.

Da can ba haka yake ba. Waɗanda suka san shi yana saurayi sun ce siriri ne kamar karan dawa, shi ake turawa ya kamo sa idan ya ƙwace. Kuma Allah ya sani ba kwaɗayi ne ya mai da shi haka ba, al'adar gidan ce. A gidan fatoma baƙo ba ya sa hannu a akushi sai maigida ya sa nasa, kuma ba a so maigida ya janye kafin baƙo. In ka janye, kamar ka ce masa ya isa haka nan. In kuwa ba ka sa ba sam, to akwai magana a ƙasa: ko abincin ne ba ka yarda da shi ba, ko mutumin.

To baƙin Ilu ba tare suke zuwa ba. Ranar Laraba tun da hantsi Fulanin wajen Sule Tankarkar za su iso, a dama fura da nono, ya sha da su. Kafin ya goge baki Buzaye sun durƙusar da raƙuma a ƙofar gida, a kawo dambu, ya ci, su kuma su ɗora butar shayinsu, kofi uku-uku, sukari kamar ba gobe. Da azahar ga mutanen Damagaram, su kuwa ba sa wasa da miya mai man shanu. Can ga fatake daga Kano, can ga wani da motarsa ta lalace a hanya. Larai, matarsa, ta taɓa ƙirgawa: akushi shida a wuni guda, ban da tsire da balangu da mahauta ke miƙo masa a kara don ya sa albarka. Laraba, Alhamis, Juma'a haka. Sauran ranakun kuma ciki ya riga ya saba, ba ya yarda a rage masa.

Mutane kuwa sha'awar abin suke. "Ilu ya murje," in ji su, "Allah ya yi wa gidan nan albarka." Makiyayi in ya zo garin bai san kowa ba, sai ya duba fatoman da ya fi tumbi, ya ce wannan gidansa ba a kwana da yunwa, nan zan sauka. Tumbin nan shi ke kiran baƙi tun daga nesa.

Abin da ba a zancensa shi ne, shekara biyu ke nan Ilu bai kai goshinsa ƙasa ba. Da gwiwa abin ya fara, sai numfashi. In ya tafi sujada ciki ya tokare shi, jini ya taru masa a ka, ya riƙa ganin duhu-duhu. Wata rana a masallacin ƙofar gida ya sauka ya kasa ɗagowa, sai da mutum biyu suka yanke sallarsu suka ɗaga shi. Daga ranar ya koma yin salla a zaune a kan dakalin zaure, yana nuni da ka. Liman ya ce masa ya halatta, mai uzuri ne. Ilu ya ce to, ya gode. Amma shekarunsa arba'in da biyar, ga tsofaffi 'yan tamanin suna sauka suna tashi a gabansa kamar samari. Ya taɓa ce wa Larai, yana kallon bango, "Makaho ya ce ido, gurgu ya ce ƙafa. Ni in aka tambaye ni uzurina in ce me? Tuwo?"

Sai wata ranar kasuwa ya ji wani mai magani yana kirarin wani gari da ya ce yana narkar da kitse cikin kwana bakwai. Ilu ya aika aka karɓo masa a ɓoye. Ya yi wa kansa alkawari ba zai ƙara sa komai a baki ba sai garin nan da jar kanwa da ruwa. Lahadi, Litinin, Talata, bai san hanyar ko'ina ba sai ta bayan gida. Larai ta yi magana, ya ce ta bar shi, abin maza ne.

Ranar Laraba Bappa Cindo ya iso. Wani tsohon Bafillace ne daga wata ruga da ke bayan Ɗanzomo, shekara talatin yana sauka a gidan, tun zamanin uban Ilu. Su Ilu asalinsu Mangawa ne, ka kuwa san Bafillace ba ya raba Bamange da Babarbare, duk bayinsa ne in ji shi. Don haka tsakaninsu ba a gaisuwa sai da tsiya.

"Ina bawan nan nawa? Kai Babarbare, ba za ka fito ka karɓi sandar ubangidanka ba?"

"Wa ya ga Bafillace da bawa?" in ji Ilu daga zaure, murya ƙasa-ƙasa. "Sannu da hanya, Bappa. Kai ka koro shanun ko su suka koro ka?"

Aka kawo ƙwaryar fura. Ilu ya buɗe faifai, ya ce bismilla, ya ja da baya ya naɗe hannu. Cindo ya ɗauki ludayi, ya dube shi, ya mayar ya ajiye.

"Kai fa?"

"Na ƙoshi, Bappa."

"Azumi kake?"

"A'a."

Tsohon ya mayar da faifai ya rufe ƙwaryar, ya jawo takalminsa, ya laluɓi sanda. Wasan ya bar fuskarsa. "In na yi laifi a gidan nan a gaya mini," ya ce. "Ubanka bai taɓa barina na sha ni kaɗai kamar wanda ake gudu ba."

Ilu ya yunƙura zai riƙe masa riga, sai zauren ya juya da shi. Ya koma ya zube a jikin bango, gumi na tsattsafo masa. Cindo ya yar da sanda, ya ɗebo furar ya riƙa ɗura masa ludayi-ludayi kamar maraƙin da uwarsa ta ƙi. Da idonsa ya washe, Ilu ya ga ba sauran abin ɓoyewa, ya kwashe labari duka ya gaya masa, tun daga ranar da aka ɗaga shi a masallaci har garin mai magani.

Cindo ya daɗe yana sosa gemu. Sannan ya ce, "Kai, da gaske ka san shanu, ko suna kawai ka gada? In aka turke sa wata shida ana ba shi dusa da harawa har ya kasa juya wuya, ka saye shi za a kora shi Kano a ƙasa, yaya kake yi? Yanke masa abinci kake ka ɗora shi a hanya?"

"Haba Bappa, ai ko Gumel ba zai kai ba zai faɗi."

"To yaya ake yi?"

"Sai a riƙa rage masa dusar kaɗan-kaɗan. Yau a kai shi rijiya ya dawo, gobe a ƙara masa nisa, jibi a..." Sai ya dubi tumbinsa.

"Ƙarasa mana," in ji Cindo, ya sake ɗaukar ludayi. "Kai ma san turke ne, ƙaho kawai ka rasa. Sa hannu mu sha, kafin ƙuda ya riga mu."

Duk abin nan Larai na tsaye a bayan ƙyauren da ya raba zaure da cikin gida. Da baƙo ya fita duba shanunsa, Ilu ya shigo yana ta lissafin yadda za a yi da akushi shida, tunda ba dama ya ƙi sa hannu. Larai tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba ta ce, "Malam, ni fa ban taɓa ƙoshi a gidan biki ba, kuma ba wadda ta taɓa cewa ban ci ba. Ka san dalili? Ni ke rabo. Wa ya ce sai ka cinye? Ka yi bismilla, ka yi loma biyu, sai ka kama yagar nama kana turawa gaban kowa. Hannunka na cikin akushi, bakinka na labari. Labari kuwa ai ba ka rasa shi ba."

Haka aka fara. Larai ta daina kwarara man shanu a kan tuwo, sai ta sa shi a 'yar ƙwarya daban, kowa ya zuba a gefensa yadda yake so. Gefen da Ilu ke zama ta riƙa tara masa kwaɗon zogale ko na rama. Ta nemo masa ludayi ɗan ƙarami, irin na ɗanɗanon miya, ta yadda baƙo zai yi goma shi ma ya yi goma amma ba abu ɗaya suka sha ba. Cikin shidan ya zaɓi akushi ɗaya ya ci ya ƙoshi, sauran ya yi rabo. Da farko abin ya ba shi wuya. Yakan yagi tsokar da ya san daɗinta, ya ga hannunsa ya nufi baki da kansa, sai ya karkatar da shi gaban baƙo ya ce, "Malam Barau, wannan taka ce, ka yi nisa." Baƙi kuwa har yabo suke, wai Ilu ya ƙara hidima.

Shayin Buzaye ne dai ya gagara. Su ba a yi musu wayo: kofi uku ne, kuma ido na kanka har ka shanye. Sai ya bar musu nasu, sau ɗaya a mako, ya daina na mai shayin tasha da yake sha kullum safe da yamma da madarar gwangwani da burodi.

Sai tafiya. Da a amalanke ake kai shi kara, shanu biyu na ja, alhali daga gidansa in an yi kiran salla a can ana ji. Ranar da ya fara takawa sai da ya huta sau uku, sau ɗaya ma a ƙofar wani mutum da ba sa ga-maciji, dole aka gaisa. Bayan wata guda yana zuwa ba hutu. Sai ya ƙara da rijiyar bayan gari da sassafe. Da aka yi girbi ya fara fita ranar Laraba ya tari garken baƙinsa a burtali, ya rako su. A nan ya tarar da abin da ya manta: in ka ga saniya tana tafiya, ka fi saninta da in ka gan ta a tsaye a kara. Mai ɗingishi, mai tari, mai ciki, duk ya gane su tun kafin masu saye su taɓa.

Kada ka ce abin ya tafi sumul. Da Babbar Salla ta zo, mako guda Ilu yana tsakanin soye da kilishi da kai da ƙafa, ya mayar da rabin abin da ya zubar. Ya zauna yana huci, ya ce shi ke nan, wahalar banza ya yi. Larai ta ce, "To Salla ta wuce ai." Washegari ta tashe shi zuwa rijiya kamar ba abin da ya faru. Ba su da sikeli, kuma ba ya yarda a ɗora shi a na 'yan gyaɗa a yi masa dariya. Zariyar wandonsa ce ma'auni. Wata biyu, wata uku, sai ya ga abin da ke saura bayan ya ɗaure ya ƙaru da ɗan yatsa.

Da aka doshi shekara, riga ta fara yawo a jikinsa, magana ta tashi a kasuwa. Wasu suka ce ciwo ne yake ɓoyewa, wasu suka ce jifa aka yi masa, wasu suka ce gidan ne ya karye. Ƙungiya biyu ta baƙinsa suka koma sauka gidan wani fatoma da ake kira Dogo. Wannan ta yi wa Ilu zafi, don ɗaya daga cikinsu tun yana yaro yake ganinsu a zauren. Kwana biyu ba ya walwala. Amma da gari ya waye ya ɗauki sandarsa ya nufi rijiya.

Maganar ta bi motocin kasuwa har Gagarawa, inda yayarsa Kyauta ke aure. Ba ta aiko ba, sai ganinta aka yi da hantsi, da ƙwaryar man shanu a ka da kwalbar rubutu a hannu. Ta dubi Ilu sama da ƙasa, ta dire ƙwarya, ta juya kan Larai.

"Ke Larai, me kika yi wa ɗan'uwana? Na ba ki mutum cikakke, kin mayar mini da rabi!"

"Sannu da zuwa, Yaya. Ai rabin da ya rage shi ne mai amfanin."

"Ji ta da baki! Hatsi ne ya ƙare a gidan, ko hannunki ne ya ƙanƙance? Matsa mini daga murhun nan."

Ta tuƙa tuwo da kanta, ta kwarara mai har yana kwanciya a gefe, ta dire masa ta zauna ta tsare shi da ido. Ilu ya yi bismilla ya ci loma biyar masu kyau, don tuwon Yaya ba a raina shi. Sannan ya wanke hannu.

"Ka gani? Ko ci ba ya iya yi! Ilu, gaya mini gaskiya, me likita ya ce?"

"Yaya, lafiyata ƙalau. Ni na nemi ramar nan da kaina."

"Mutum ya nemi rama? Jikin gidanmu ne fa. Baba ma haka yake, kowa na girmama shi."

"Haka ne," in ji Ilu a hankali. "Shekara nawa Baba ya yi ba ya iya fita masallaci kafin ya rasu? Ke kike kai masa buta."

Kyauta ta ja bakin mayafi ta share ido, ta ce hayaƙin murhun Larai ne, itacen ɗanye ne. Ta kwana biyu ta koma. Ba ta ce ta yarda ba. Abin da ta ce a bakin mota shi ne in ya ƙara ramewa da malami za ta dawo, kuma man nan kada ta ji an ce baƙi ne suka shanye.

A wajen salla ma a hankali ya bi. Ya fara tsayuwa ya yi karatu, sannan ya zauna a dakali ya ƙarasa. Bayan wasu watanni ya ƙara da ruku'u. Sujadar ce ya kasa gwadawa. Jikinsa na gaya masa zai iya, amma duk lokacin da ya yi niyya sai ya tuna hannayen nan da suka kama shi ta hammata a gaban jama'a, sai ya koma ya zauna. Ko a ɗaka bai gwada ba, don yana tsoron in ya gwada ya kasa, ƙarfin zuciyar da yake tafiya da shi zai zube. Kullum sai ya ce bari a ƙara wata guda.

Kaka ta biyu ta zagayo. Wata Laraba Ilu ya fita tarar Bappa Cindo, ya yi ta tafiya yana duba gonakin da aka girbe, bai ankara ba sai ga shi a wani tafki da bai taɓa kaiwa ba, nesa da gari sosai. Nan ya tarar da su suna shayar da shanu, Cindo da wasu makiyaya uku.

"A'a! Wa nake gani? Babarbare, wa ya sace maka ciki?"

"Na ba wani Bafillace aro ne, ya ga yadda ake ji."

Suna cikin haka la'asar ta yi. Aka yi alwala a bakin tafki. Cindo ya ja layi a ƙasa da sandarsa, ya shiga gaba, makiyayan suka jeru a bayansa. Ilu ya waiga hagu, ya waiga dama. Ba dakali, ba kututture, ba ko tudun gara. Rairayi ne shimfiɗe, da 'yan ƙayoyi, da shanu.

"Bappa, dakata in nemi abin da zan..."

"Allahu akbar," in ji Cindo.

Ilu ya shiga sahu. Ya ji karatun kamar daga nesa. Aka yi ruku'u, aka ɗago. Da liman ya yi kabbarar sauka, ya ga mutanen gefensa sun tafi, shi ma ya saki jiki ya bi su. Gwiwa ta taɓa ƙasa, ta yi 'yar ƙara, amma ta riƙe. Tafin hannu ya nutse a rairayi. Sai goshi. Rairayin na da ɗumin rana, yana warin shanu da ciyawa. Ya jira duhun nan ya zo. Bai zo ba. Numfashi na shiga yana fita, ba abin da ya tokare shi. Ya yi tasbihi uku, ya ƙara uku, ya ji an yi kabbara, ya dafa ƙasa ya ɗago da kansa, ba hannun kowa a jikinsa. Haka har raka'a huɗu.

Da aka sallame Cindo bai juyo ba, yana jan carbi ya ce, "Wani a sahun baya ya so ya kwana a sujadar farko. Na ce ko sai na aiko da shanu su ja shi." Makiyayan suka yi dariya ba su san kan zancen ba. Ilu kuwa ya tashi ya kama kora musu shanu.

Rana na shirin faɗuwa suka shigo gari. Ya bar baƙi a zaure ya shiga cikin gida neman ruwa. Larai na bakin murhu, ta ɗago ta dube shi.

"Malam, ina ka shiga haka? Duk ka kwaso ƙasa a goshi." Ta miƙo masa tsumma.

"Bar ta tukuna," in ji Ilu.

Ta tsaya da tsumman a hannu. Ta sake duban goshin, ta dubi gwiwoyin wandonsa, su ma da rairayi. Ta ajiye tsumman, ta ɗebo masa ruwa a moɗa, ta tsaya tana kallonsa har ya shanye.